Takalmin da Ya Kamaci Akawu da Malamin Makaranta

Mun daɗe muna lura da wani abu a ofisoshi. Da zarar akawu ya zauna bisa kujerarsa sai ya faki ido ya zare takalmi ya tura ƙarƙashin tebur. Malamin makaranta kuwa ba shi da wannan dama, gama a tsaye yake wuni gaban allo. Dukansu takalmi ne ya dame su, alhali da guminsu suka saya.

Laifin, a ganinmu, na ido ne. Mutum yakan zaɓi sau-ciki mai walƙiya don a gan shi, ya manta ƙafa ce za ta ɗauka. Masana sun ce ƙafafun mutum biyu suna da mafitar gumi wajen 250,000. To, a watan Afrilu, sa'ad da zafi yake wuce digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri, ina gumin nan zai bi idan an kulle ƙafa cikin roba? Sai ya tsaya, ya kawo wari da bororo, tsakanin yatsu ya yi fari ya riƙa ƙaiƙayi. Ga kuma alwala: wanda ya idar ya cusa ƙafa da danshinta cikin takalmin roba ya ƙara wa ciwon ƙarfi. A share tsakanin yatsu tukuna.

Fata ta gaskiya tana shan gumi, sa'an nan ta sake shi. Wannan ba baƙon ilmi ba ne a gare mu. Majema suna jeme fata da bagaruwa tun kaka da kakanni, kuma fatar jar akuyar Sakkwato ta ƙetare Sahara ta isa Turai, inda aka laƙaba mata sunan Maroko, watau ƙasar da ta biyo. Da Bajamushen nan Barth ya zo Kano cikin 1851, ya lissafa takalma cikin hajar da fatake suke fita da ita zuwa ƙasashe masu nisa. Amma fa a yi hattara, domin kasuwa ta cika da roba mai kama da fata. A duba gefen da aka yanka: fata tana da zare-zare kamar gashi, tana kuma da ƙanshinta, roba kuwa sumul take, galibi da ƙyalle manne a bayanta. Kambas ma yana shan iska, ga sauƙin wanki, sai dai ba ya jimirin damina.

Lokacin saye shi ne da la'asar, domin ƙafa tana ɗan kumbura bayan yawon yini. A gwada ƙafa biyu, a tsaye, da safar da aka saba sawa, gama sau da yawa ɗaya ta ɗara ɗaya. A bar fili kamar faɗin babban yatsan hannu a gaban yatsu. A lanƙwasa takalmin a gani: ya kamata ya karyo daidai gindin yatsu, diddige kuwa ya tsaya da ƙarfi. Kada a saurari mai kanti in ya ce zai buɗe nan gaba. Roba ba ta buɗewa.

Mai ciwon sukari lalle ya fi kowa kula, domin takalmi yana iya ji masa rauni bai sani ba. Wanda kuma yake da hali ya sayi biyu ya riƙa musanyawa, ɗaya a ƙafa, ɗaya yana bushewa a inuwa.