Ko Kun Sani? Kan kare ne ke tona ƙafar da ke masa ciwo

Idan ƙaramin kare yana ɗingishi, kansa za ka duba kafin ƙafarsa. Yana ɗaga kai sama daidai lokacin da ƙafar gaba mai ciwo ta taɓa ƙasa, ya sauke shi idan ya taka lafiyayyar. Dalili kuwa, ƙafafun gaba ne ke ɗauke da kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin jikinsa, ɗaga kan yana rage wa mai ciwon kaya.

A ƙasar Adar mai duwatsu, wajajen Keita da Buza har zuwa Madawa, sau da yawa abin bai wuce ƙarangiya da ta maƙale tsakanin yatsu ba, ko ƙayar aduwa, ko tsinin dutse da ya yanki tafin ƙafa. Wannan a gida ma ana cirewa, a wanke wurin, a bar shi ya huta.

Amma in ya ƙi taka ƙafar sam, ko ta kumbura, ko tana reto, ko ɗingishin ya haura kwana 2, sai likitan dabbobi. Kada a ba shi ƙwayoyin ciwon jiki na mutane irin su ibuprofen, suna lalata masa ciki da ƙoda. In kuma ƙafafun baya suka shanye, ga dalalar miyau, ga sauyin hali, yana iya zama ciwon haukan kare: a hana yara kusantarsa, a sanar da ma'aikatar kiwo nan take.