Ranar Da Kayan Ɗakin Yayata Suka Kwana A Hanya

'Yan'uwana mata, wallahi har yau in na tuna jeren Yaya sai gabana ya faɗi. Daga Kano za a kai kayanta Zariya, sai Kawu ya ce don a rage kashe kuɗi a ɗaura 'yar tirela a bayan ƙaramar motarsa. Aka loda gado da sif da kwalla da tangaran, muka ɗau hanya.

Muna wuce Kwanar Ɗangora tirelar ta fara tangaɗi. Kawu ya taka birki, nauyin kaya ya yi ta tura mu har muka sauka gefen titi. Tangaran ɗin da Inna ta shekara tana zubin adashi dominsa ya farfashe. Ranar ta sha kuka.

Makaniken da ya zo ya ce, "Alhaji, ai kowace mota da iyakar nauyin da za ta ja, yana rubuce a littafinta." Ya ce a Turai tirela marar birkin kanta ba ta wuce kilo 750. Kaya masu yawa sai a-kori-kura mai ƙarfi irin Toyota Hilux, wadda wasu samfuranta ke jan kilo 3,500 in tirelar na da birki. Sannan kaya masu nauyi a ɗan gaban tayoyin tirela ake sa su. Mu a can baya muka jibge namu.

Don haka ƙawata, kafin ranar jerenki, roƙi Baba ya tambayi nauyin da motar ke iya ja. Araha ba ta ado.