Sukari Nawa Ya Kamata A Sha A Yini?

Mai tambayarmu daga Ajingi, ka ce safe da yamma ba ka rabuwa da teburin mai shayi, kana son sanin iyakar sukari.

To malam, a shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babban mutum ya wuce kimanin giram 50 a yini, wato ƙaramin cokali 12. In ya tsaya a 6, ya fi.

Yanzu ƙidaya. Uku a koko, huɗu a shayi, ga na fura in an dawo daga gona. Kwalbar lemo ɗaya a kasuwar Gaya kuwa, kusan cokali 9 ke cikinta. Ka ga an zarce. Zuma da alewa ma suna cikin lissafi, ban da nono da mangwaro.

Yawansa na ruɓar da haƙora, yana kawo ƙiba, ƙiba kuwa tana jawo ciwon sukari. Rage cokali ɗaya duk mako, harshe zai saba. In kana yawan fitsari da ƙishirwa, je asibiti a auna jininka.

Allah Ya ƙara mana lafiya.