Daga Baudeta zuwa Texas: Yadda ake gyara karcewar ƙarfen silba a jikin mota ba tare da an ɓata shi ba

Duk direban da ya taɓa sauka daga kwaltar da ta haɗa Maraɗi da Damagaram, ya nufi ƙauyukan Tasawa da Mayahi irin su Baudeta, ya san abin da hanya ke yi wa jikin mota. Ƙayar aduwa da ta magarya na shafar gefenta, karan gero na dukan gabanta, yashi kuma na shiga ko'ina.

Fenti dai an san maganinsa, a kai wa mai gyaran jikin mota ya cike, ya goge, ya fesa. Inda ake rikicewa shi ne wajen farin ƙarfen nan mai ƙyalli da ba a yi masa fenti, wanda a Nijar ake kira inoks, a Kano kuma a ce silba. Shi ne ake yin ƙarfen kariyar gaban Hilux da shi, da matakalar gefe, da sandunan bayan a-kori-kura, da adon adaidaita sahu, da wasu tankokin ruwa.

Abin da ya ja hankalina ga batun ya faru ne a gidanmu. Wani ɗan'uwana da ke ci-rani a Aljeriya ya tara kuɗin shekara huɗu, ya aiko aka saya masa tsohuwar Hilux don jigilar 'yan kasuwa, aka ƙera mata sabon ƙarfen gaba mai sheƙi. Ana gobe Sallah, ƙaninsa ya ga karce-karcen ƙaya sun rage mata kyau, sai ya ɗauko soson ƙarfe na wanke tukunya da ruwan jabel ya dirje ta tas.

Ranar Sallah ta yi ƙyalli. Bayan ruwan sama biyu, ƙarfen ya fito da ɗigo-ɗigon tsatsa kamar zanen zabo. Aka yi ta musayar saƙon murya tsakanin gida da Tamanrasset, ana zargin mai walda da sayar musu da jabu. Bawan Allah ba shi da laifi.

Abin da ke hana shi tsatsa

Silba ƙarfe ne da aka gauraya da sinadarin kuromiyom, aƙalla kashi 10.5 cikin 100. A shekarar 1913 ne Harry Brearley ya samar da shi a birnin Sheffield na Ingila, kuma a yau Afirka ta Kudu ce kan gaba a duniya wajen haƙo ma'adinin kuromiyom ɗin.

Idan kuromiyom ya haɗu da iska, sai ya yi wata fata siririya a saman ƙarfen wadda ido ba ya gani. Ita ce garkuwar. Ko an karce ta, tana sake toho da kanta muddin wurin na da tsabta kuma iska na taɓa shi. Saboda haka karcewar ƙaya muni ce kawai, ba cuta ba.

Cutar na zuwa ne daga abubuwa biyun da yaron nan ya haɗa. Soson ƙarfe na barin ɓurɓushin baƙin ƙarfe a maƙale cikin karcewar, kuma ɓurɓushin ne ke tsatsa da zarar ya ji danshi. Jabel kuwa, ko Hypo kamar yadda aka fi sani a Najeriya, na ɗauke da sinadarin kulorin da ke huda garkuwar ya bar ƙananan ramuka. Gishiri ma haka yake yi.

Ba mutanen Baudeta kaɗai abin ya taɓa ruɗawa ba. Kamfanin Tesla ya fara miƙa wa masu saye motarsa Cybertruck, wadda ake ƙerawa a jihar Texas ta Amurka da jiki na silba zalla, a ranar 30 ga Nuwamban 2023. Ba a yi wata uku ba wasu suka fara wallafa hotunan jajayen ɗigo a jikin motocinsu. Bayanin da wani babban injiniyan kamfanin ya yi shi ne ƙurar baƙin ƙarfe ce ta sauka a kansu ta yi tsatsa, ba jikin motar ba ne. Kafin ita an yi DeLorean, wadda aka fara ƙerawa a kusa da Belfast a 1981, aka yi kimanin guda 9,000 kafin kamfanin ya durƙushe. Masu riƙe da ragowarta sun shafe sama da shekara 40 suna goge karce a gidajensu, kuma dabararsu ita ce dai za ta yi aiki a kan Hilux ɗin ƙauye.

Kafin ka taɓa, tabbatar da abin da ke hannunka

Nan ne aka fi tafka asara. Ba duk mai ƙyalli ne silba ba. Salansar babura da yawa da wasu bambobin mota baƙin ƙarfe ne da aka yi wa shafen kuromiyom a sama, shafen da bai kai kaurin gashi ba. Ka sa masa sanfefa, ka cire shafen, ka buɗe wa tsatsa ƙofa har abada.

Mayen ƙarfe na taimakawa, irin wanda ake cirowa daga tsohuwar sifika. Idan ya manne da ƙarfi, ka yi taka-tsantsan: ko dai shafe ne, ko kuma silba mai lamba 430 da ba shi da sinadarin nikel. Idan bai kama ba, ko ya ɗan kama kaɗan wajen lanƙwasa, to mai yiwuwa silba ne. Amma mayen ƙarfe ba zai bambance maka lamba 304, mai kuromiyom kashi 18 da nikel kashi 8, da lamba 201 mai araha ba, alhali 201 ya fi saurin yin tabo. Wannan sai dai ka tambayi mai walda tun kafin a yi ciniki, ka kuma duba ko akwai lamba a jikin bututun.

A lura kuma, ba kowane jan tabo ne tsatsa ba. Jar ƙasar da ake zuba wa hanyoyin karkara cike take da sinadarin ƙarfe, tana rina abin da ta zauna a kai. Sau da yawa ruwa da sabulu sun isa.

Aikin kansa

Fara da wanki. Kada ka share ƙurar hunturu da busasshen tsumma, domin ƙwayar yashi ta fi silba tauri, kuma wasu daga cikin ƙananan karcen da ake gani a motocinmu hannun mai shara ne ya yi su. A kwara ruwa tukuna, a bi da sabulu, a tsane.

Daga nan ka karkata kanka ka kalli ƙarfen a hasken safiya. Idan mai dishi-dishi ne, za ka ga siraran layuka duk sun nufi gefe guda, kamar kunyoyin gona. Duk gugar da za ka yi, waɗannan layukan za ka bi. Kada ka gitta su, kada ka yi zagaye. Wanda ya yi zagaye zai kawar da karce ɗaya ya haifi tabo mai faɗin tafin hannu da ake hangowa daga nesa.

Ga karcen da farce ba ya maƙalewa a ciki, soson roba mai kaushi irin Scotch-Brite ya wadatar, amma sabo, wanda bai taɓa tukunya ko baƙin ƙarfe ba. Naɗe shi a jikin guntun katako mai santsi don matsin ya daidaita, ka ja dogon layi daga wannan ƙarshe zuwa wancan.

Idan farce na maƙalewa, sai sanfefar ruwa. Fara da lamba 240 ko 320, kana jiƙawa, har karcen ya ɓace, sannan 400, ka rufe da soson. Kada ka tsaya a kan karcen kaɗai, faɗaɗa gugar har iyakar wannan fuskar, in ba haka ba sabon wurin zai fi tsohon haske. A manna tef a kan fenti da robar da ke kusa. Kuma a fara gwaji a ɓoyayyen wuri.

Mai sheƙi kamar madubi ya fi cin rai. Dole a hau matakala: 600, 800, 1200 har 2000, sannan man goge ƙarfe da tsumma mai laushi. Wanda ya tsallake mataki zai gani a rana. A ganina, in dai motar kasuwa ce da za ta koma cikin ƙaya gobe, gara a mayar da ƙarfen mai dishi-dishi gaba ɗaya, ya fi ɓoye rauni.

Ɗigon tsatsa irin na Hilux ɗinmu kuwa, bayan guga sai a shafa ruwan lemun tsami, a bar shi 'yan mintoci, a ɗauraye sosai, a busar. Ba camfi ba ne, masana'antu ma na amfani da sinadarin tsamin lemo wajen cire ɓurɓushin baƙin ƙarfe daga silba. Shi ne kuma ke ɗauke farin tabon da ruwan rijiyar burtsatse ke bari.

Inda hannun gida ya tsaya

Lotsawa ba aikin gida ba ce. A jikin mota mai fenti ana cike ramin a rufe, amma a nan babu fentin da zai rufa asiri. Silba kuma na ƙara tauri duk lokacin da aka buge shi, don haka mai guduma marar haƙuri na iya mayar da ƙaramin rami ya zama tsagewa.

Injin guga ma abin tsoro ne a hannun ɗan koyo. Yana zafafa wuri ya koma shuɗi ko ruwan ƙasa, kuma inda launi ya sauya garkuwa ta yi rauni, sai an goge launin ya fita. Idan aiki ya kai ga walda, ka tsaya a kai ka ga sandar da za a sa. Ta silba ake buƙata, mai lamba 308. Ta baƙin ƙarfe ta fi araha kuma za ta riƙe, amma ɗinkin ne zai fara yin ja tun a damina ta farko. Haka faifan yanka da burushin waya, kada su kasance waɗanda aka gama gurzar ƙofar ƙarfe da su.

Hilux ɗin ɗan'uwana ta ci yini biyu, sanfefa shida da lemun tsami cikin ƙwarya. Tsatsar ta tafi. Ramukan da jabel ya huda a ƙasan bututun hagu suna nan, sai wanda ya durƙusa yake ganinsu. Mai waldar da aka zarga shi ya ba da aron katakon gugar, kuma har yanzu ba a gama ba shi haƙuri ba.