Igiyar Ruwa A Tafkin Kainji

Ya kai mai karatu, in ka tsaya bakin ruwa a ƙasar Yauri ran da iska ke busawa, sai ka ga kamar ruwan gudu yake yi zuwa gare ka. To, ba haka ba ne. Jefa gora ka duba. Za ta hau, ta sauka, ta ɗan kewaya, amma tana nan kusa da inda ka jefa ta. Ƙarfin iska ne ke tafiya cikin ruwan, kamar yadda iska kan ratsa gonar gero, zangarniya ta sunkuya ta miƙe, kara kuwa bai gusa ba.

Abu uku ke girmama igiya: ƙarfin iska, da daɗewarta tana busawa, da faɗin ruwan da ta bi. Dā, Kwara kogi ne mai gungu da yawa, iska ba ta samun fili. Amma da aka gama madatsar Kainji a 1968, ruwa ya taru ya zama tafki mai tsawon fiye da mil 80. Nan iska ta sami filin sukuwa, masu jirgi suka gamu da igiyar da kakanninsu ba su sani ba.

Ka riƙe wannan lissafi. In tsayin igiya ya ninka biyu, ƙarfinta ninkawa yake huɗu. In ta bugi jirgi a haƙarƙari, takan kifar da shi. In kuwa tazarar igiya biyu ta yi daidai da tsawon jirgi, sai su ɗauki kai da gindi, tsakiya ta lanƙwasa da nauyin kaya har katako ya gaji. Jirgin da aka cika makil shi ne mafi rauni. A watan Mayu 2021 wani jirgi cike da mutane, mai zuwa Wara a ƙasar Ngaski, ya nutse, rayuka masu yawa suka salwanta.

A teku abin ya fi haka. Ran 1 ga Janairu 1995, igiya mai tsayin ƙafa 84 ta bugi dandamalin Draupner a tekun Norwe. Don irin wannan ne magina ke ɗaga benen dandamali can sama bisa dogayen ƙafafu, igiya ta wuce ta ƙarƙashi.

Saboda haka, in ka ga hadari ya haɗo gabas, dakata a gaɓa. In ya riske ka tsakiya, juya kan jirgi wajen igiya. Kasuwa za ta sake ci.