In Ƙafa Ta Ce A Tsaya

Ranar 20 ga watan Oktoba 1968 aka yi gudun fanfalaki na wasannin Olamfik a birnin Meziko. Nisan tseren mil 26 ne da 'yan kai, wato kilomita 42, birnin kuwa yana bisa tudu mai tsawon fiye da mita 2,200, inda iska ba ta ƙosar da huhun baƙo. A cikin waɗanda suka tashi a ranan nan akwai 'yan Afirka biyu da ƙafa ta ba su wahala, kowa kuwa da abin da ya yi da nasa ciwon.

Na fari shi ne John Stephen Akhwari, mutumin Tanzaniya. Kafin a kai rabin hanya ya faɗi, ya ji mummunan rauni a gwiwa. Aka ɗaure masa, ya tashi ya ci gaba, yana gudu yana ɗingishi. Ya shiga filin wasa da dare, fiye da sa'a guda bayan wanda ya zo na ɗaya, shi ne na ƙarshe cikin mutum 57 da suka gama. 'Yan kallon da suka rage suka miƙe tsaye suna tafa masa. Labarinsa ya zaga duniya, har yau ana ba da shi a taron makaranta da wajen wa'azi domin a koya wa yara naciya.

Na biyu shi ne Abebe Bikila, sojan fadar Sarkin Habasha. Shi ne ya ci wannan tsere a birnin Rum a 1960, ba ko takalmi a ƙafarsa. Ya sake ci a Tokiyo a 1964, ƙasa da mako shida bayan an yi masa tiyata a ciki. Amma gab da tseren Meziko sai likitoci suka tarar siririn ƙashin da ke gefen ƙwaurinsa na hagu ya tsage. Duk da haka ya fito. Da ya yi kamar mil goma, sai ya ratse gefen hanya ya tsaya. Ɗan ƙasarsu Mamo Wolde ya ci tseren.

Ni dai a ganina, labarin Abebe ne ya fi cancanta a riƙa gaya wa 'ya'yanmu masu gudu. Ba raina jaruntakar Akhwari nake yi ba. Shi babban mutum ne, ƙasarsa ta aike shi, ranar kuwa sau ɗaya take zuwa cikin shekara huɗu, ya auna ya ga zai iya ɗaukar hasarar. Amma yaro ɗan shekara goma sha huɗu da ke shirin tseren gidaje a makaranta, idan ya ji labarin sai ya ɗauka cewa gudu a kan ciwo shi ne mazakuta. Nan ne matsalar take. Idan mutumin da ya ci zinariya sau biyu ya iya tsayawa a idon duniya, to, tsayawa ba abin kunya ba ne ga ɗan aji uku.

Yawancin ciwon masu gudu ba faɗuwa ke kawo shi ba. A hankali yake taruwa. Dalili kuwa shi ne gaɓoɓin jiki ba tare suke yin ƙarfi ba. Zuciya da huhu da tsoka suna sabawa da gudu cikin 'yan makonni, amma ƙashi da jijiya sai sun ɗauki watanni. Saboda haka yaro yakan ji numfashinsa ya ƙaru, ya ga ya daina haki, sai ya ƙara nisa, alhali ƙwaurinsa bai shirya ba. Kowane taku yana yi wa ƙashi 'yar ɓarna wadda ido ba ya gani, jiki kuwa yana gyara ta lokacin hutu da barci. Idan ɓarna ta fi gyara yawa, sai ƙashi ya soma tsagewa kamar bangon da aka yi ta ɗora wa ƙasa tun ta jiya ba ta bushe ba. Mu malamai mun san lokacin da wannan ya fi faruwa: mako biyu ko uku kafin ranar wasanni, sa'ad da yaran da suka yi wata da watanni ba su motsa ba za a kora su kan titi kowace asuba. Haka kuma samarin da ke shirin shiga aikin soja ko ɗan sanda, waɗanda ke son su tara gudun shekara cikin wata guda.

Hausawa sun ce jiki magayi. To, yaya iyaye za su bambanta gajiya da rauni? Tsamin jiki na gajiya yakan kama ƙafafu duka biyu, ya bazu cikin tsoka, ya wuce bayan kwana biyu ko uku. Amma ku lura da ciwon da ke ƙafa ɗaya, wanda yaro zai iya ɗora yatsa guda a kan ƙashi ya ce, "Nan ne, Baba." Ku sa shi ya yi tsalle da wannan ƙafa kaɗai. Idan ya kasa, ko ya yamutsa fuska, gudu ya ƙare ke nan sai an ga likita. Haka nan ciwon da ke ƙaruwa yayin da ake gudu, da wanda ke sa ɗingishi, da wanda ke tashe shi da dare. Ku sani kuma hoton ƙashi sau da yawa ba ya nuna irin wannan tsagewa a mako biyun farko, don haka kada ku ce tunda hoto bai nuna kome ba yaron ƙarya yake yi. Tsagewar ƙashin ƙwauri takan ci mako shida zuwa takwas kafin ta haɗe, wani lokaci fiye. Wanda ya yi ta gudu a kanta kuwa yana iya mai da ita cikakkiyar karaya.

Yaron da ke da sikila, ko wanda ɗingishinsa ya zo da zazzaɓi, wannan ba maganar jira ba ce. A kai shi asibiti a ranar.

Sai batun targaɗe, wanda kowane gida ya sani. Al'adarmu ita ce da zarar idon sawu ya kumbura sai a dafa ruwa a gasa, a kawo man zafi, a sami mai ƙarfi ya murza har yaro ya yi ihu. Niyyar mai kyau ce, amma a kwana biyun farko zafi da murza ƙara kumburi suke yi. Abin da ya fi shi ne a ɗaga ƙafar bisa matashi, a naɗe ta da bandeji ba tamau ba, a ɗora tsumma mai ruwan sanyi na randa, ko ƙanƙara a cikin ƙyalle na minti goma zuwa goma sha biyar domin rage zafi. Gashi da ruwan ɗumi sai daga baya. Likitoci kuma sun sake ra'ayi a kan dogon kwanciya. Dokta Gabe Mirkin na Amurka, wanda ya yaɗa shawarar hutu da ƙanƙara a 1978, shi da kansa ya fito a 2014 ya ce yawan ƙanƙara da rashin motsi sam suna iya jinkirta warkewa. Wato bayan 'yan kwanaki, a bar yaro ya riƙa juya ƙafar a hankali, ya taka gwargwadon abin da ba zai yi masa zafi ba. In ya kasa taku huɗu a kanta, a nemi hoto tukuna kafin kowa ya ja ta, ko da maɗorin ya gaji sana'ar tun kakanni.

Abu guda nake roƙon iyaye da malaman wasanni: kada a ba yaro ƙwayar kashe zafi domin ya samu ya yi tsere. Ƙwayar takan rufe bakin ciwon ne kawai, ɓarnar kuwa tana nan tana ci gaba.

Abin da ya fi wuya a hutun nan sau da yawa zuciya ce. Yaron da aka san shi da gudu, wanda in ya fito 'yan gidansu ke kiran sunansa, yanzu yana zaune a gindin darbejiya yana kallon wanda yake tsere wa kullum ya karɓi wurinsa. Za ku ga ya rage magana, yana saurin fushi, wani ma ya ƙi abinci. Tsoronsa shi ne kafin ya warke gudun ya gudu ya bar shi. A nan ya kamata uba ya zauna da shi ya faɗa masa gaskiya: hutun mako ɗaya ko biyu ba ya rage ƙarfi sai kaɗan, abin da ya ragu a wata biyu kuma yana komowa da sauri fiye da yadda aka tara shi da fari. A hana ƙanne da abokai yi masa ba'a da kiransa rago. Malamin wasanni ya ba shi agogo ko usur ya riƙa taimakawa a fili, don kada ya ji an yar da shi. In likita ya yarda, keke yana riƙe numfashi ba tare da dukan ƙashi ba. Uwa kuma kada ta rage masa tuwo don ba ya gudu, gama jiki mai gini yana bukatar wake, da ƙwai, da nono, da kifi, da isasshen barci. 'Yan mata masu gudu da ba sa cin abinci sosai, har al'adarsu ta ɗauke, sun fi kowa haɗarin tsagewar ƙashi, wannan kuwa magana ce da uwa za ta sa wa ido.

Kuna iya ba shi labarin Haile Gebrselassie, wani ɗan Habasha. Da ciwon agara ya ci zinariyar mita 10,000 a Sidini a shekara ta 2000. Bayan nan aka yi masa aiki, ya yi watanni bai shiga tsere ba. A 2008, yana da shekara 35, ya gama gudun fanfalaki na birnin Balin cikin sa'a 2 da minti 3 da daƙiƙa 59, abin da ba wanda ya taɓa yi kafinsa.

Ranar komawa fili ma tana da nata tsari, domin a nan ne da yawa suke sake jin ciwo. Daina jin zafi a zaune ba shi ne warkewa ba. Sai yaro ya iya tafiyar rabin sa'a da sauri ba ciwo, ya kuma iya tsalle da ƙafar. Sa'an nan ya soma: gudun minti ɗaya, tafiyar minti huɗu, sau biyar ko shida, a kan ƙasa mai taushi, ba kwalta ba. Ya yi yau, gobe ya huta. Idan gari ya waye ƙafa ba ta ce kome ba, ya ƙara kaɗan. Idan ta yi magana, ya koma matakin da ya baro, ya ƙara kwana biyu a kai. In kuwa ranar wasanni ta zo bai gama wannan ba, Baba ya rubuta wa malami 'yar takarda, ya sa hannu, ya ce bana a cire sunan yaron daga tsere.