Shafuka Masu Dauɗa: Yadda Kwamfuta Ke Tuna Abin da Ba Ta Adana Ba Tukuna

Gabatarwa

Ɗalibai da dama sun taɓa gamuwa da wannan matsala. Mutum ya kwafi aikinsa daga kwamfuta zuwa filas, na'urar ta nuna masa cewa ta gama, ya zare filas ɗin cikin hanzari, sai da ya isa wurin buga takardu ya tarar fayil ɗin ya ƙi buɗuwa. Wani kuma yana tsakiyar aiki a kan kwamfutar tebur sai a ɗauke wuta, idan ta dawo ya iske abin da ya shigar daga ƙarshe ya yi ɓatan dabo. Sau da yawa tushen matsalolin nan biyu ɗaya ne. Kwamfuta ba ta rubuta kowane canji a ma'ajiyarta ta dindindin nan take. Takan jinkirta, ta riƙe lissafin bashin rubutun da ake bin ta. Wannan maƙala za ta bayyana yadda ake riƙe lissafin, da abin da kan faru idan aka sami kuskure a cikinsa.

Ma'ajiya Iri Biyu

Kowace kwamfuta tana da wurin ajiye bayanai iri biyu. Na farko shi ne ƙwaƙwalwar aiki, wadda ke da matuƙar sauri, amma da zarar wuta ta yanke sai duk abin da ke cikinta ya goge. Na biyu shi ne faifai, wanda ke riƙe bayanai ko babu wuta, sai dai yana da nawa. Ƙwaƙwalwar aiki takan ba da amsa cikin kimanin kashi ɗaya bisa miliyan 10 na daƙiƙa, shi kuwa faifai mai juyawa yakan ɗauki kimanin kashi ɗaya bisa 100 na daƙiƙa kafin ya lalubo wurin da ake nema. Wato ƙwaƙwalwa ta ninka faifai sauri wajen sau 100,000. Da a ce amsar ƙwaƙwalwa daƙiƙa ɗaya take ɗauka, to ta faifai sai an jira ta kusan awa 28. Faifan zamani marar juyawa ya rage wannan tazara ƙwarai, amma bai shafe ta ba.

Saboda haka idan aka buɗe fayil, sai a ɗauko kwafensa daga faifai a sa a ƙwaƙwalwa, a nan ne ake yin duk gyare-gyare. Mai kula da wannan zirga-zirga shi ne ɓangaren babbar manhaja da ake kira cibiya. Matsayinta ya yi kama da na cibiyar ƙwayar halitta, wadda ke tsara ayyukan sauran sassan ƙwayar. Babu wata manhaja da ke taɓa faifai ko ta mallaki wuri a ƙwaƙwalwa ba da izinin cibiya ba.

Shafuka da Jadawalinsu

Cibiya takan yanka ƙwaƙwalwa gunduwa-gunduwa, duk girmansu ɗaya, kowane gunki ana kiransa shafi. An fara amfani da wannan dabara a kwamfutar Atlas ta Jami'ar Manchesta a Ingila, wadda aka ƙaddamar a 1962 ƙarƙashin jagorancin Tom Kilburn. A yawancin kwamfutocin yau shafi ɗaya yana ɗaukar bayit 4,096, wato kimanin haruffa dubu huɗu. Ke nan kwamfutar da ke da ƙwaƙwalwa mai gigabayit 8 tana da shafuka 2,097,152.

Akwai jadawali da cibiya ke ajiyewa, wanda ke nuna inda kowane shafi yake da kuma irin izinin da aka bayar a kansa, ko na karantawa kawai ne ko har da rubutawa. Shafin da abin da ke cikinsa ya yi daidai da kwafensa na faifai, masana suna ce masa mai tsabta. Wanda aka canza kuwa, amma ba a mayar da canjin faifai ba tukuna, shi ne mai dauɗa. Kalmar dauɗa a nan ba ta nufin shafin ya lalace. Hasali ma shi ne ke ɗauke da bayani mafi sabunta, kuma babu kwafensa a ko'ina.

Amfanin wannan rarrabewa yana fitowa fili ne idan ƙwaƙwalwa ta cika, aka buƙaci wuri. Shafi mai tsabta ana iya watsar da shi nan take, domin in an sake nemansa yana nan a faifai. Mai dauɗa kuwa tilas a rubuta shi tukuna. Da babu hanyar bambanta su, da sai an riƙa rubuta kowane shafi, wanda aka taɓa da wanda ba a taɓa ba, kamar magatakardan da ke sake kwafe kundi sukutum saboda an gyara layi ɗaya.

Wa Ke Sa Alamar?

Idan manhaja ta miƙa wa cibiya bayani ta ce a rubuta mata a fayil, aikin mai sauƙi ne, domin cibiyar ce da kanta ke zuba bayanin a shafi, sai ta yi masa alama a lokacin. Wahalar tana zuwa ne idan manhaja tana rubutu kai tsaye a ƙwaƙwalwa, sau miliyoyi cikin daƙiƙa ɗaya, ba tare da ta bi ta hannun cibiya ba. Hanyoyi biyu ake bi wajen warware wannan.

Hanya ta farko ita ce a ɗora aikin a kan masarrafi, wato ƙwayar lantarkin da ke yin lissafi. A masarrafin Intel 80386, wanda ya fito a 1985, da waɗanda suka biyo bayansa, kowane layi na jadawalin shafuka yana da gurbi guda da ke ɗaukar sifiri ko ɗaya. Da zarar an yi rubutu a shafi, masarrafi da kansa yake mayar da gurbin ya zama ɗaya, kuma ba ya mayar da shi sifiri. Wannan aikin cibiya ne.

Hanya ta biyu ta tarko ce, kuma ita aka dogara da ita a masarrafan da ba su da wannan gurbi, irin su MIPS da tsofaffin ARM. Cibiya takan rubuta a jadawali cewa shafin na karantawa ne kawai, alhali kuwa manhajar tana da ikon rubutu a cikinsa. Ranar da manhajar ta yi yunƙurin rubutu, sai masarrafi ya dakatar da ita ya kira cibiya. Ita kuma sai ta shigar da shafin cikin jerin masu dauɗa, ta buɗe izinin rubutu, ta bar manhajar ta ci gaba ba tare da ta san an tsayar da ita ba. Rubutun farko kaɗai ke faɗawa tarkon, sauran sukan wuce salin alin har sai an wanke shafin an sake ɗana tarkon.

Lokacin Wanki

Cibiyar Linux, wadda Linus Torvalds ya fara rubutawa a Helsinki ta ƙasar Finlan a 1991, kuma wadda wayoyin Android ke aiki da ita, tana da ƙa'idojin da ta zo da su, ko da yake ana iya canza su. Kowace daƙiƙa 5 wani ma'aikaci na cikin cibiyar yakan farka ya duba, bayanin da ya yi daƙiƙa 30 yana da dauɗa sai a tura shi faifai. Idan shafuka masu dauɗa suka kai kashi 10 cikin 100 na ƙwaƙwalwar da ke akwai don amfani, sai a fara wanki ba tare da jiran lokaci ba. Idan suka doshi kashi 20, sai a taka wa manhajar da ke rubutun birki har faifai ya cim mata.

Akwai wata ƙa'ida da ta cancanci lura. Ana goge alamar dauɗa ne kafin a fara tura shafin, ba bayan an gama ba. Dalili kuwa shi ne manhaja na iya sake canza shafin ana tsakiyar turawa. Idan an goge alamar tun farko, sabon canjin zai sake sa ta, a dawo kansa a zagaye na gaba. Da a ƙarshe ake gogewa, da an shafe shaidar sabon canjin, ya salwanta ba wanda ya sani.

Har wa yau, wannan lissafi ne ke ba manyan cibiyoyin kwamfuta damar ɗauke aiki yana gudana daga wata na'ura zuwa wata. Ana kwafe dukkan shafuka aikin na tafiya, sa'an nan a koma a kwafe waɗanda suka yi dauɗa a tsakani, a yi ta maimaitawa har su rage kaɗan, sai a tsayar da aikin na ɗan lokaci a kwashe ragowar. A 2005 masu bincike na Jami'ar Kambirij da abokan aikinsu sun ɗauke wata manhajar wasa ta wannan hanya, tsayawar da ta yi ba ta wuce kashi 60 bisa 1,000 na daƙiƙa ba.

Idan Lissafi Ya Kuskure

A 2018 masu kula da PostgreSQL, wata manhajar rumbun bayanai da kamfanoni da hukumomi da yawa ke amfani da ita, suka gano wani abin tsoro. Akwai umurni mai suna fsync wanda manhaja ke bai wa cibiya, ma'anarsa a wanke shafukan wannan fayil yanzu, a kuma tabbatar an gama. Sun gano cewa idan faifai ya gaza karɓar rubutu, Linux takan sanar da gazawar sau ɗaya, amma ta bar shafukan a matsayin masu tsabta. Idan manhajar ta sake ba da umurnin, cibiya ba za ta ga shafi mai dauɗa ba, sai ta amsa cewa komai ya kammala, alhali bayanin bai taɓa isa faifai ba. Maganin da suka yi shi ne, duk lokacin da umurnin ya gaza, manhajar ta tsaya cak, ta sake gina bayanan daga wani kundi na daban da take rubuta kowane canji a ciki tun kafin ta aiwatar da shi.

Kammalawa

Jinkirin da cibiya ke yi shi ne ke sa kwamfuta sauri, kuma shi ne ke buɗe ƙofar asara, domin tsakanin canji da wanki akwai tazarar da bayani ke zaune a ƙwaƙwalwa kaɗai. A wuraren da wutar lantarki ke yawan yankewa, kamar makarantu da yawa na ƙasar nan, wannan tazara abar kiyayewa ce. Umurnin cire filas lafiya yana sa cibiya ta wanke duk shafukan da suka shafe shi kafin ta ba da izinin zarewa, haka nan kashe kwamfuta ta hanyar da aka tsara yana sa ta biya dukkan bashin rubutun da ke kanta. Ɗakin kwamfutar da ke da batirin ko-ta-kwana, ko da na minti biyar ne, ya ba cibiya fiye da lokacin da take buƙata. Ya kamata malamai su koya wa ɗalibai waɗannan abubuwa uku tun ranar farko da suka zauna gaban na'urar.